Idan Yanki Ya Ɓalle Ya Zama Ƙasa, Wa Ke Da Kadara, Wa Ke Da Bashi?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya yana cewa: idan wani yanki ya ɓalle daga ƙasarsa ya kafa tasa ƙasar, yaya ake raba dukiyar gwamnati da kuma bashin da ake bin tsohuwar ƙasar? Shin akwai wata doka ta duniya da ta ƙayyade rabon, ko kuwa mai ƙarfi ne kawai yake kwashe abin da ya ga dama?

Malam mai tambaya, dokar akwai ta, amma ba ta kai ƙarfin da mutane suke zato ba. Abin da ƙasashe suka yi ittifaƙi a kansa kaɗan ne, kuma mafi ƙarfinsa shi ne cewa duk kadarar gwamnati da take kafe a ƙasa tana bin ƙasar da take a kanta. Abin da ya rage bayan wannan, musamman kuɗin ajiya da bashi, sai an zauna an yi ciniki, kuma cinikin ba na mutum biyu ba ne kamar yadda ake ɗauka, domin masu bin bashi ma suna da bakin magana, sau da yawa ma nasu bakin ya fi na sauran tasiri.

An taɓa yin yunƙurin rubuta dokar. Hukumar dokokin ƙasa da ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki shekaru tana aikin, masanin shari'a ɗan ƙasar Aljeriya Mohammed Bedjaoui ne ya jagoranci rubutun, aka kuma amince da yarjejeniyar a birnin Biyenna a watan Afrilun 1983. Ta ƙunshi abubuwa uku: kadarorin gwamnati, takardun ajiya na gwamnati, da basussuka. Sai dai ana buƙatar ƙasashe 15 su shige ta kafin ta fara aiki, kuma har yau adadin bai cika ba. Babban abin da ya hana ta karɓuwa shi ne, ƙasashen Yamma, waɗanda su ne manyan masu ba da rance, sun ga ta yi wa ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka sassauci fiye da kima. Duk da haka ba a jefar da ita ba. Kusan duk lokacin da aka zauna rabon wata ƙasa tun daga 1990, lauyoyin ɓangarori suna ɗauko ta su kafa hujja da sashen da ya yi musu daɗi, su kau da kai daga wanda bai yi musu ba.

Kafin a taɓa ko kwabo, akwai tambayar da ake fara warwarewa: shin tsohuwar ƙasar tana nan da ranta, ko ta rushe baki ɗaya? Mutane sukan kwatanta wannan lamari da rabon gado, amma kwatancin yana da iyaka, domin a gado mai dukiyar ya rasu, a biya bashinsa sannan a raba saura, alhali a nan mai dukiyar yakan kasance yana zaune a teburin rabon, mukullan taska kuma suna hannunsa. Idan yanki ne ya fita, tsohuwar ƙasar kuma ta ci gaba da zama ita ce, to kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya da ofisoshin jakadancinta da sunanta da ke kan takardun bashi duk suna nan a wurinta, sabuwar ƙasa ce za ta zo ta nemi kasonta. Idan kuwa rushewa aka yi, babu wanda ya fi wani, dukansu magada ne, komai kuma sai an kasa shi.

Wannan bambanci shi ya sa Tarayyar Sobiyet da Yugoslabiya suka bi hanyoyi daban, alhali sun wargaje kusan lokaci guda. A taron Alma-Ata na 21 ga Disamban 1991 sauran jamhuriyoyin suka yarda Rasha ta ci gaba da riƙe kujerar Sobiyet, har da ta dindindin a Kwamitin Sulhu. Sabiya da Montenegro kuwa, da suka ce su ne Yugoslabiya, sauran huɗun ba su yarda ba, kwamitin masana shari'a da Robert Badinter na Faransa ya shugabanta ya ce a 1992 ƙasar ta gama rushewa, Kwamitin Sulhu ma ya ƙi amincewa su gaji kujerar kai tsaye. Gwamnatin Belgrade, babban birnin Sabiya, ta dage a kan matsayinta har zuwa faɗuwar shugabanta Slobodan Milosevic a 2000, lokacin da ta nemi shiga Majalisar a matsayin sabuwar ƙasa. Bayan nan ne kawai aka iya rattaba hannu a kan yarjejeniyar rabo, ranar 29 ga Yunin 2001, kuma ba ta fara aiki ba sai 2004. Kusan shekara goma ke nan zinare da kuɗaɗen ƙasar da suke waje suna daskare, babu mai iya taɓawa, saboda gardama a kan tambaya ɗaya.

Kadarorin da ke kafe a ƙasa su ne ɓangare mai sauƙi. Hanyoyi, gadoji, madatsun ruwa, barikokin soja, asibitoci, filayen jirgin sama, tashoshin jiragen ruwa da ma'adanan da ke ƙarƙashin ƙasa, duk suna zama na ƙasar da suka faɗo cikin iyakarta, kuma a bisa ƙa'ida ba tare da biyan diyya ba. Tsohuwar ƙasa takan yi ƙorafin cewa da harajin kowa aka gina su, amma kwamitin Badinter ya ce asalin kuɗin da aka yi ginin ba ya canza mallakarsa. Ni ma ina ganin babu wata mafita da ta fi wannan, domin idan aka ce sai an bi diddigin kowane gini a gano harajin wane yanki ya shiga cikinsa, to za a yi shekara ɗari ba a gama ba, kuma shi ma yankin da ya fita yana da nasa lissafin na abin da aka kwasa daga ƙasarsa aka gina babban birni. Da wannan ƙa'ida ce Eritiriya ta tafi da tashoshin jiragen ruwa na Assab da Massawa a 1993, ta bar Habasha ba ta da gaɓar teku. Inda matsala take tasowa shi ne idan abu ɗaya ya ratsa ƙasashe biyu. Sudan ta Kudu ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa, amma bututun da ke kai shi teku da matatar mai da tashar lodi duk suna arewa, don haka kowane ɓangare ya sami rabin abin da ba ya amfani sai da ɗaya rabin. Haka nan Singafo ta rabu da Malesiya a 1965, amma filin layin dogo da tashar jirgin ƙasa da ke tsakiyar Singafo sun ci gaba da zama a hannun Malesiya har zuwa 2011.

Dukiyar da ake iya ɗauka kuwa kashi biyu ce. Wadda take da alaƙa da gudanar da yankin, kamar taragwan jirgin da ke aiki a layinsa ko motocin ofisoshinsa ko kayan asibitocinsa, tana bin yankin. Wadda kuma take ta ƙasa baki ɗaya, irin su zinaren babban banki, ajiyar kuɗaɗen waje, jiragen kamfanin sufurin sama na ƙasa da bashin da ƙasar take bin wasu, yarjejeniyar 1983 cewa ta yi a raba ta bisa adalci, ba ta kuma faɗi ma'aunin adalcin ba. Kayan yaƙi sun fi komai wuya, domin wanda suke hannunsa ranar rabuwa ba ya son sakinsu. Rasha da Yukren sun yi shekaru suna ja-in-ja a kan rundunar jiragen ruwan yaƙi ta tekun Bahar Aswad kafin su daidaita a 1997, Rasha ta ɗauki kusan kashi 82 cikin 100 na jiragen, ta kuma karɓi hayar sansanin Sevastopol. Ofisoshin jakadanci ma sukan jawo rigima fiye da darajarsu ta kuɗi, domin gida a tsakiyar Landan ko Faris alama ce ta martaba. Cek da Sulobakiya, waɗanda suka fito daga Cekoslobakiya, sun raba nasu cikin ruwan sanyi, magadan Yugoslabiya kuwa sun shafe shekaru bayan yarjejeniyar 2001 suna miƙa wa juna gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu sai bashi, wanda a nan ne gizo yake saƙa. Ba kowane bashi ne ake rabawa ba. Wanda gwamnatin yankin ta ciwo da sunanta tun kafin rabuwa yana nan a wuyanta, babu gardama. Akwai kuma wanda gwamnatin tsakiya ta ciwo amma aka kashe shi a kan wani aiki da ke cikin yankin, kamar madatsar ruwa ko masana'anta, shi ma a aikace yakan bi aikin. Da wannan hanya aka kasa mafi yawan bashin Yugoslabiya, aka duba jamhuriyar da ta ci moriyar kowane rance aka ɗora mata shi. Bangaladesh ma, bayan ta ɓalle daga Pakistan a 1971, ta yarda ta ɗauki bashin ayyukan da suke cikin ƙasarta, amma ta ƙi ɗaukar kaso daga bashin gama-gari, tana cewa ba za ta ɗauki nauyi ba alhali ba a ba ta kasonta na dukiya ba. Wanda ya rage shi ne bashin da aka ci domin cike giɓin kasafin kuɗi, ko sayen makamai, ko biyan wani bashin, wanda babu wani gini da za a nuna a ce ga inda ya shiga. Shi ne ake neman ma'aunin da za a raba shi da shi.

Kowane ma'auni yana fifita wani. Yanki mai arziki da mutane kaɗan zai so a raba bisa yawan jama'a, yanki mai jama'a da yawa amma matalauci zai so a raba bisa ƙarfin tattalin arziki, kuma kowannensu yakan sauya ra'ayi idan aka bar maganar bashi aka koma maganar kadara. A da can harajin da yanki yake samarwa aka fi dubawa. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ce ƙasashen da suka karɓi yankunan Jamus su ɗauki kaso na bashinta gwargwadon kuɗin shigar da yankunan suka samar a shekarun 1911 zuwa 1913. Yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ta bi irin wannan hanya wajen raba bashin Daular Usmaniyya tsakanin Turkiyya da ƙasashen da suka fito daga cikinta, kuma da aka kai ƙorafi gaban mai sasantawa Eugène Borel a 1925, ya faɗi maganar da har yau ake kafa hujja da ita, cewa ba za a iya cewa akwai wata tabbatacciyar doka da ta wajabta wa wanda ya karɓi yanki ɗaukar kaso na bashi ba, sai dai abin da yarjejeniya ta tanada. Turkiyya ba ta gama biyan nata kason ba sai 1954.

A zamanin baya-bayan nan an gwada ma'aunai iri-iri. Cekoslobakiya, wadda ta rabu ranar 1 ga Janairun 1993, ta ɗauki mafi sauƙi: abin da ke kafe ya bi ƙasa, saura kuma a raba biyu bisa ɗaya, domin jama'ar Cek sun kusa ninka na Sulobakiya. A Tarayyar Sobiyet yarjejeniyar 4 ga Disamban 1991 ta haɗa yawan jama'a da abin da ake samarwa da cinikin waje, ta ba Rasha kashi 61.34 cikin 100, Yukren kashi 16.37, saura kuma aka kasa wa sauran. A Yugoslabiya Asusun Ba da Lamuni na Duniya ne ya fitar da nasa lissafin a Disamban 1992, ya ɗora wa Sabiya da Montenegro kashi 36.52, Kuroshiya 28.49, Sulobeniya 16.39, Bosniya 13.20, Masadoniya 5.40. Asusun ya yi lissafin ne domin bashinsa shi kaɗai, amma da yake babu wani lissafin da aka yarda da shi, sai sauran masu bin bashi suka ɗauke shi. Abin lura shi ne, da aka zo raba ajiyar kuɗi a 2001 sai aka sauya alƙaluman, Bosniya ta sami kashi 15.5, Masadoniya 7.5, Kuroshiya kuma ta sauko zuwa 23. Ma'ana, matalautan jamhuriyoyin sun ɗauki ƙaramin kaso na bashi sun kuma sami kason dukiya da ya fi kasonsu na bashi, wanda ke nuna cewa ba lissafi zalla aka yi ba, an duba halin da kowa yake ciki. Ƙa'ida ɗaya dai da yarjejeniyar 1983 ta fito da ita fili, kuma nake ganin ita ce mafi amfani a cikinta, ita ce a auna kason bashi da kason dukiyar da aka samu. Wanda ya ce ba zai taɓa bashi ba, to ya sani yana raunana da'awarsa a kan zinare da ofisoshin jakadanci, wanda kuma ya riƙe dukiyar duka ba shi da bakin neman a taya shi biya.

Masu bin bashi ba sa cikin yarjejeniyar da ƙasashen biyu za su ƙulla, saboda haka ba ta ɗaure su sai sun amince. Wanda ya ba babbar ƙasa rance ba dole ba ne ya yarda a wayi gari a ce masa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa yanzu yana wurin wata sabuwar ƙasa da bai san tarihin biyanta ba. Shi ya sa sau da yawa tsohuwar ƙasar take riƙe bashin duka a gaban masu bin bashi, sabuwar kuma ta riƙa biyan ta kasonta. Haka aka yi a 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan: Indiya ta ɗauki bashin gwamnatin da aka gada baki ɗaya, aka ƙiyasta kason Pakistan a kashi 17.5 cikin 100, aka ce za ta riƙa biyan Indiya a hankali cikin shekara 50, amma biyan bai gudana ba. Ita kuma Indiya ta riƙe rufi miliyan 550 daga cikin miliyan 750 da aka yanka wa Pakistan na tsabar kuɗi, saboda yaƙin Kashmir, ba ta sake su ba sai a Janairun 1948 lokacin da Mahatma Gandhi ya shiga yajin cin abinci. Baitulmalin Birtaniya ma ya bi wannan salo a Janairun 2014, watanni kafin ƙuri'ar raba gardama ta Sikotilan, ya sanar da cewa ko da an rabu Birtaniya ce za ta ci gaba da biyan dukkan takardun lamuninta, Sikotilan kuma ta biya kasonta ga Landan. An yi haka ne domin kada masu ba da rance su tsorata su ƙara kuɗin ruwa, amma sanarwar ta ba masu neman ɓallewa makami, har suka fara cewa idan aka hana su amfani da fam, su ma ba za su ɗauki bashi ba.

Wannan ya kai mu ga dalilin da ya sa sabuwar ƙasa take yarda ta ɗauki bashin da babu kotun da za ta tilasta mata. Dalilin shi ne tana buƙatar shiga Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya, tana kuma buƙatar ciwo sabon rance, kuma ƙofofin ba sa buɗewa sai ta daidaita da tsofaffin masu bin bashi. Sulobeniya ta fahimci haka da wuri. A tsakiyar shekarun 1990 ta yarda ta ɗauki kashi 18 cikin 100 na bashin da bankunan kasuwanci suke bin Yugoslabiya, fiye da kason da lissafin Asusun ya ba ta, domin a cire ta daga sharaɗin da ya ce ana iya kama kowane ɗaya daga cikin masu cin bashin ya biya duka. Ta biya ƙari ne ta sayi 'yancin shiga kasuwa da sunanta.

Akwai wata hanyar da ta fi yawa a aikace, wadda ake kira zaɓin sifiri: tsohuwar ƙasa ta riƙe dukkan bashin waje da dukkan kadarorin waje, sabuwar ta fita ba ta bin kowa, ba a bin ta. Rabon da aka yi wa bashin Sobiyet da alƙaluma masu kyau bai yi aiki ba, domin yawancin jamhuriyoyin ba su iya biya ba, masu bin bashi kuma sun fi son mutum ɗaya da za su kama. Daga 1992 Rasha ta riƙa ƙulla yarjejeniya da su ɗaya bayan ɗaya a kan wannan tsari. Yukren ta sa hannu a 1994 amma majalisarta ba ta amince ba, tana cewa sai an ba ta cikakken bayanin abin da za ta sarayar, ƙasashen Baltik uku kuwa tun farko sun ce mamaye su aka yi, ba magadan Sobiyet ba ne. Rasha ta gama biyan Kulob ɗin Faris, wato ƙungiyar ƙasashe masu ba da rance, a 2006, ta kuma biya ragowar bashin Sobiyet na ƙarshe, dala miliyan 125 da ɗoriya, ga Bosniya a 2017. Habasha ma ta riƙe bashinta duka lokacin da Eritiriya ta fita.

Misalin Sudan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya nuna ƙarfin wannan tsari da rauninsa. Sudan ta Kudu ta sami 'yanci ranar 9 ga Yulin 2011 ba tare da an gama maganar bashi ba, wanda a lokacin ya kai kimanin dala biliyan 38, kuma kaso mai yawa daga cikinsa tarin kuɗin ruwa ne da na jinkirin biya. Gwamnatin kudu da ke Juba ta ce kuɗin ba su gina komai a kudu ba, an ma yi amfani da wasu wajen yaƙar ta. Khartum ta ce ba zai yiwu ta rasa mai ta kuma riƙe bashi ita kaɗai ba. Rigimar kuɗin bin bututu ta kai ga Sudan ta Kudu ta rufe haƙar mai baki ɗaya a Janairun 2012, duk da cewa shi ne kusan dukkan kuɗin shigarta. A ƙarshe, ƙarƙashin kwamitin Tarayyar Afirka da Thabo Mbeki ya jagoranta, aka sa hannu a Addis Ababa ranar 27 ga Satumban 2012. Sudan ta yarda ta riƙe bashin da kadarorin waje, bisa sharaɗin cewa ƙasashen biyu za su haɗa kai su nema mata yafiya daga masu bin bashi, idan kuma ba a sami alƙawarin yafiyar cikin shekara biyu ba, a dawo a raba. Ban da haka kudu ta yarda ta biya arewa dala biliyan 3.028, a kan dala 15 a kowace ganga, domin rage mata raɗaɗin rasa mai. Wa'adin shekara biyun ya yi ta tsawaita, Sudan ba ta kai matakin farko na shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi ba sai a Yunin 2021, sannan juyin mulkin Oktoban wannan shekarar ya dakatar da komai. Raunin a fili yake: an rataye yarjejeniyar a kan shawarar waɗanda ba su sa hannu a kanta ba.

Ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka suna da nasu hukunci a yarjejeniyar 1983, wanda ya ce babu bashin da zai koma kansu sai da yardarsu. Tarihi bai cika bin wannan ba. Indunusiya ta karɓi bashin gilda (kuɗin Holan na lokacin) biliyan 4.3 daga Holan a 1949 a matsayin farashin 'yanci, kafin shugabanta Sukarno ya yi watsi da ragowarsa a 1956. Namibiya kuwa ta yi sa'a, gwamnatin Nelson Mandela ta yafe mata bashin da aka ɗora mata a zamanin mamayar Afirka ta Kudu. Kusa da wannan akwai hujjar bashin zalunci, wato wanda aka ci domin danne mutanen da ake so su biya shi. Amurka ta kafa ta a 1898 ta ƙi yarda a ɗora wa Kyuba bashin da Sifaniya ta ci wajen murƙushe 'yan tawayenta, yarjejeniyar Versailles ma ta cire wa Polan bashin da Jamus ta kashe wajen tsugunar da Jamusawa a ƙasarta. Masanin shari'a Alexander Sack ne ya tsara hujjar a rubuce a 1927. Hujja ce mai ƙarfi a bakin teburin ciniki, amma ina ba duk mai son dogaro da ita shawarar ya lura cewa a misalan biyu wanda ya yi nasara a yaƙi ne ya ɗora ta, kuma kotuna ba su mayar da ita doka mai aiki a kan kowa ba.

Wani lokaci ma ba da kuɗi ake biyan bashin ba. Yarjejeniyar 1921, wadda ta raba Ailan da Birtaniya, ta wajabta wa Ailan ɗaukar kaso mai adalci na bashin Birtaniya, amma ba a taɓa yanke adadin ba, sai a Disamban 1925 aka soke wajibcin baki ɗaya a cikin yarjejeniyar da ta bar iyakar Ailan ta Arewa yadda take. A irin wannan zama komai yana kan tebur guda: iyaka, mai, ruwa, sansanin soja, takardar kuɗi da bashi.

Akwai abubuwan da ba su cika shiga labarai ba amma su ne suka fi taɓa talaka. Takardun gwamnati suna cikinsu, domin sabuwar ƙasa ba za ta iya mulki ba idan ba ta da rajistar filaye da ta haihuwa da taswirorin iyaka da bayanan haraji. Ƙa'idar ita ce takardun gudanar da yanki su bi yankin, sauran kuma a ba da kwafi. Aljeriya da Faransa har yanzu suna jayayya a kan takardun da aka kwashe zuwa Aix-en-Provence gab da 'yancin 1962, kuma sai a 2007 Faransa ta miƙa taswirorin wuraren da sojojinta suka binne nakiyoyi a kan iyakokin ƙasar. Fanshon ma'aikata da sojojin da suka yi wa tsohuwar ƙasa aiki ma bashi ne, ko da yake ba ya cikin lissafin bashin waje. Takardar kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ita ma bashi ce a kan babban banki, shi ya sa sauya kuɗi yake zama fagen rigima. Cek da Sulobakiya sun yi niyyar ci gaba da kuɗi ɗaya na wani lokaci, amma ranar 8 ga Fabrairun 1993 dole ta sa suka raba, domin kuɗi suna ta kwarara zuwa ɓangaren Cek. Mafi ban tausayi shi ne masu ajiya a banki. Mutanen Bosniya da suka ajiye kuɗin waje a reshen wani bankin Sulobeniya da ke Sarajevo sun yi sama da shekara 20 ba su ga kuɗinsu ba, kowace ƙasa tana tura alhakin ga 'yar uwarta, har sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 2014 cewa Sulobeniya ta biya, Sabiya ma ta biya masu ajiya a nata bankin.

Game da ɓangaren tambayarka na biyu, ƙarfi yana tasiri, amma ba shi kaɗai ba. Babu kotun da take da ikon raba dukiyar ƙasa idan ɓangarorin ba su kai kansu gabanta ba, kuma wanda yake riƙe da babban banki da takardu yana da amfanin jinkiri. Amma shi ma yana da abin da yake tsoro, domin kotunan ƙasashen waje suna iya daskarar da asusunsa, kamar yadda ya faru da Belgrade, masu bin bashi kuma suna iya kama shi shi kaɗai. Abin da na ga ya fi bambanta rabo mai sauƙi da mai wahala shi ne lokacin da aka yi shi. Cekoslobakiya ta kafa dokar rabon tun a Nuwamban 1992, kafin ranar rabuwa, lokacin da ma'aikatan ɓangarorin biyu suke duba littattafan lissafi guda, amma duk da haka sai a 1999 aka rufe rigima ta ƙarshe, Cek ta saki sama da tan 4 na zinaren Sulobakiya ta kuma janye bashin da take cewa tana bin ta. Inda aka rabu da yaƙi kuwa, da'awar diyyar ɓarna takan shiga cikin lissafin ta dagula shi, duk da cewa kwamitin Badinter ya ce a raba maganganun biyu. Bangaladesh ta sake tayar da da'awarta ta sama da dala biliyan 4 a gaban Pakistan a 2025, shekara 54 bayan rabuwarsu.